Rasuwar Hasan, Ɗan Tagwayen Ɗakin Saba

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, Malam Isyaku Na'ibawa, jami'in kula da kwamfutoci na Masaƙar Atamfa Mai Zabuwa da ke Sharada, a madadin shugaban masaƙa Alhaji Ashafa, da Malama Rakiya ta sashen zane, da ɗaukacin ma'aikatan safe da na yamma, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Hasan, faifan ajiyar bayanai na babbar kwamfutar masaƙa, wadda aka fi sani da saba. Hasan ya bar duniya ranar Talatar da ta wuce da hantsi, bayan gajeriyar jinya mai yawan ƙara. Ya rasu bai cika shekara uku ba, yana bakin aikinsa, da ɗuminsa.

An haifi marigayi a wata ƙasa mai nisa can ƙetaren teku. Ya iso Kano a shekarar 2006 cikin leda mai ruwan azurfa, kwali ɗaya da ɗan'uwansa. Girmansu ɗaya, nauyinsu ɗaya, hatta takardar da ke manne a bayansu iri ɗaya ce. Malam Isyaku ya juya wannan, ya juya wancan, ya rasa abin da zai bambanta su da shi, sai ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta wa na sama Hasan, na ƙasa Usaini. Haka aka yi sunan, babu rago, babu wanzami.

Ya kamata masu ta'aziyya su san abin da ya kawo su. A waɗannan shekarun masaƙun Sharada da Challawa da Bompai suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ciyawa tana cin ƙofofinsu. Mai Zabuwa tana cikin 'yan tsirarun da injinansu ke juyawa, kuma zanen Malama Rakiya ne ya riƙe ta. Sai wata masifa ta ɓullo. Rakiya za ta ɓata makonni tana fitar da sabon zane, kafin a buga yadin farko sai a ga kwafinsa ya shigo Kantin Kwari daga waje, mai araha, mai zubar da launi a wankin farko. Ta ina zanen ke fita, ba a taɓa ganowa ba. Ranar da Alhaji Ashafa ya ga zabuwarsa a jikin atamfar da ba shi ya buga ba, ya aika aka kira Malam Isyaku.

"Isyaku, ma'ajiya nake so wadda ko ɓarawo ya ɗauke ta a ka ya gudu, ba zai ga komai a ciki ba. Kuma ina son wadda ba ta mutuwa."

"Ranka ya daɗe, ta farkon akwai ta. Wadda ba ta mutuwa kam ba a ƙera ta ba tukuna. Sai dai a sa biyu, in ɗaya ya tafi ɗaya yana nan."

"To a sa biyun. Amma kada kwafi ko ɗaya ya fita daga ɗakin nan."

Malam Isyaku ya ɗora wa saba tsarin sarrafa kwamfuta mai suna FreeBSD, ya haɗa tagwayen ya zama duk abin da aka rubuta wa Hasan an rubuta wa Usaini a daidai wannan lokacin. Masu sana'ar suna kiran wannan haɗi madubi. Daga nan ya sa wa ajiyar kwaɗo, irin wanda ke mayar da kowane zane tarkacen lambobi marasa kan gado. Ba ya buɗuwa sai da abu biyu: wani ɗan filas, 'yar ma'ajiyar bayanai da ake soka wa kwamfuta, da ke rataye cikin makullan babur ɗin Malam Isyaku, da kalmar sirri wadda daga shi sai Alhaji suka sani. Aka kwashe zanen Rakiya na shekara da shekaru aka zuba a ciki, takardun asalin kuwa Alhaji ya sa aka ƙone. Tun daga lokacin zabuwa ba ta sake riga masu ita isa kasuwa ba.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai ba da shaidar halinsa. Hasan mai riƙon amana ne. Ya san kowane fure da kowane ganye da masaƙar nan za ta fitar tun mata ba su ji labarinsa ba, amma bai taɓa tsegunta wa kowa ba. Ba ya zuwa a makare, ba ya neman hutun ƙarshen mako, bai taɓa cewa an yi masa rasuwa a ƙauye ba ranar da ake wasan ƙwallo. Ga haƙuri da wutar lantarki. A ɗauke, a kawo, a kawo rabi, a kawo wadda ta fi ƙarfin gida, duk yana shanyewa. Bai taɓa ɓoye wa ɗan'uwansa komai ba, abin da ya shiga cikinsa ya shiga cikin Usaini.

Ba mai yawan magana ba ne. In yana zaune lafiya sai dai a ji "zuuuu" a hankali, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. In Malama Rakiya ta ajiye babban zane sai ya ce "kirit, kirit-kirit," Usaini ya amsa daga ƙasa. Tun daga bakin ƙofa Malam Isyaku yake gane ko sashen zane na aiki ko hira ake yi, ba sai ya leƙa ba. Kuma marigayi mutum ne na jama'a. Ɗakinsa ne kaɗai mai esi, na'urar sanyaya ɗaki, a duk faɗin masaƙar in an cire ofishin Alhaji, saboda haka da bazara ba ya rasa masu zuwa gaisuwa. Malam Alhassan mai kula da janareta ya fi kowa zumunci. Yakan shigo ya tambayi lafiyar tagwaye, ya tsaya jiran amsa har gumin bayansa ya bushe.

Ciwon ajali ya fara ne da wata 'yar ƙara. Wata safiya Malam Isyaku ya buɗe ɗaki, cikin "zuuuu" ɗin da ya saba ji sai ga "ƙyas." Shiru. Can kuma "ƙyas." Ya ɗora wa fanka laifi, ya kwance ta ya goge. Ƙarar ba ta daina ba. Ya kafa bakin sukudireba a jikin Usaini, ya kara ƙotar a kunnensa, ya ji lafiya lau. Ya mayar kan Hasan. Ya daɗe a sunkuye kafin ya miƙe. Da ya tambayi saba halin da madubi ke ciki, sai ta rubuto masa kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, DEGRADED, wadda ya fassara wa Alhaji da cewa da ƙafa ɗaya ake tafiya. Madubi ya riga ya sallami Hasan daga aiki, Usaini ne ke ɗauke da kayan shi kaɗai. Alhaji ya ce a nemo sabo. Aka aika kasuwa, aka ce irinsa ya ƙare, sai kaya sun iso daga Legas.

Kayan ba su iso ba Talata ta iso. Da hantsi aka ɗauke wuta. Janareta ya yi tari ya ƙi kamawa, batirin da ke riƙe saba kafin janareta ya tashi shi ma tsufa ya cim masa, ɗakin ya yi tsit. Da wuta ta dawo, Malam Isyaku ya danna maɓalli yana tsaye a kansu. Marigayi ya yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Ya ce "wiiiii," ya ce "ƙyas, ƙyas, ƙyas," ya sake cewa "wiii" a gajarce. Daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Ba a samu damar kuka ba, domin saba ta ƙi tashi. Ashe da Hasan ta saba farawa, in ba ta gan shi ba ba ta san ta leƙa ƙasa ta nemi Usaini ba. Ga Babbar Sallah ta matso. A ranar ne ya kamata sabon zanen Sallah ya sauka wurin masu shirya allunan bugawa, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin Usaini. In zanen bai fito ba, sashen bugawa ba shi da abin yi. Kowa a Sharada ya san abin da ake ce wa ma'aikata in sashe ya tsaya: a je gida a ɗan huta, za a neme ku. Waɗanda masaƙar da ke makwabtaka ta ce wa haka har yau suna jiran kira, wasunsu acaɓa suke yi a bakin titi.

Malam Isyaku ya zare Hasan ya kwantar da shi a kan tebur, ya lulluɓe shi da hankici. Ya tayar da saba da faifan sidin gaggawa, ya soka filas, ya nufi Usaini kai tsaye ya ce a buɗe kwaɗo. Saba ta amsa cewa ba ta ga wani kwaɗo a jikin wannan faifai ba. Ya sake. Amsar ba ta canja ba. Ya cire filas ya hura masa iska ya mayar, ya sauya waya, ya sauya rami, ya karanta abin da ya rubuta baƙi bayan baƙi. Babu kwaɗo. Kwaɗon da ya ƙi buɗuwa ana iya lallaɓa shi, amma wanda aka ce babu shi, ina za a soka makulli? Esi yana ta aiki, rigar Malam Isyaku ta jiƙe sharkaf.

Kafin azahar labari ya kai rumfar Talatu mai abinci, inda ma'aikatan bugawa suka zauna jugum, shinkafa da wake na hucewa a gabansu. Alhaji Ashafa ya taso daga gidansa na Bompai ko hula bai daidaita ba.

"Isyaku, ba kai ka ce mini in ɗaya ya tafi ɗaya yana nan ba?"

"Yana nan, ranka ya daɗe. Ga shi yana juyawa. Magana ce ya ƙi yi."

"To ka faɗa mini gaskiya. In sallami mutane, ko in jira?"

Malam Isyaku ya juya kan allo ya sake gwada kwaɗon. Alhaji ya dube shi, ya dubi abin da ke ƙarƙashin hankici, ya ce zai je ya yi salla ya dawo, ya fita.

Malama Rakiya ce ta rage a bakin ƙofa. Aikinta na shekaru ne a cikin faifan, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kwalin takarda ta zauna.

"Malam Isyaku, ni ban san kan abin nan naku ba, amma zaman shirun nan zai kashe ni. Ba ni labari. Ranar da aka kawo tagwayen nan, me ka fara yi?"

"Na raɗa musu suna."

"Sai kuma me?"

"Sai na haɗa su madubi. Da madubin ya tsaya, sai na kawo kwaɗo na sa a kan..." Ya tsaya. Ya dafe kai da hannu biyu. "A kan madubin. Malama Rakiya, a kan madubin na sa shi!"

"To, alheri ne ko akasinsa?"

"Kamar ɗaki biyu ne masu zaure ɗaya. Kwaɗon yana ƙofar zaure. Ni kuma tun hantsi na haura katanga ina laluben ƙofar ɗakin Usaini."

Sidin gaggawa bai san da wani madubi ba sai an gaya masa. Malam Isyaku ya ba da umarni a tayar da madubi. Ya tashi, da ƙafa ɗaya, yana ɗingishi, amma ya tashi. Ya nuna wa makulli madubin maimakon faifan. Nan take saba ta nemi kalmar sirri. Bai taɓa jin daɗin tambaya irin wannan ba. Ya ce wa Malama Rakiya ta juya baya, ta juya tana dariya hawaye na zuba. Ya rubuta a hankali da yatsa ɗaya. Usaini ya ce "kirit, kirit-kirit," shi kaɗai, babu mai amsa masa. Sai ga sunayen zane suna gangarowa a allo, tun daga na farkon da aka zuba har zuwa na Sallar bana, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Alhaji ya dawo daga masallaci ya tarar ana kwafe zanen Sallah za a kai ƙasa. Ya zauna a kujerar Malam Isyaku ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Da ya huce sai ya leƙa ta taga ya ce wa Talatu ta ƙara wa kowa nama. Kafin la'asar an ji injinan sashen bugawa sun ɗauka. A wannan yammacin ne kuma, ba tare da an roƙe shi ba, Alhaji ya janye dokarsa ta hana kwafi fita. Ya ce a yi guda mai kwaɗo a kai gidansa a sa a sef, akwatin ƙarfen ajiya, a riƙa sabunta shi. Malam Isyaku ya daɗe yana neman wannan izini, sai da aka yi rasuwa ya samu.

Da kaya suka iso, Malam Isyaku ya hau babur ya je ya ɗauko sabon faifai. A jikin kwali an rubuta girmansa daidai da na marigayi. Da aka kawo shi gaban madubi, madubi ya ce ya yi ƙanƙanta. Bambancin bai kai a faɗa ba, kamar a auna mudu a share bakinsa da yatsa, amma madubi ba ya karɓar wanda bai kai ɗan'uwansa ba ko da ƙwayar gero. Mai shago ya rantse lamba ɗaya ce. Malam Isyaku ya ce shi ma ya gani, amma ba shi za a gamsar ba. Aka canjo wanda ya fi girma. Da yake bayan tagwaye ya zo, sunansa bai ba kowa wahala ba: Gambo.

A nan ne Malam Isyaku ya gamu da abin da ya fi masa ranar Talata ciwo. Madubi ya ƙi karɓar Gambo. Har yanzu yana riƙe da gurbin Hasan, yana jiran ya dawo. Kafin a sa sabo, dole a ba shi wani umarni, kuma waɗanda suka tsara abin ba su sakaya sunansa ba. Kalmar ita ce forget, wato manta. Malam Isyaku ya rubuta ta, ya ɗora yatsa a kan maɓalli, ya kasa dannawa. Ya tashi ya zagaya ɗakin. Ya gyara zaman hankici. Malam Alhassan, wanda ya shigo gaisuwa kamar kullum, ya ce in abin ya yi masa nauyi shi zai danna. Malam Isyaku ya ce a'a, shi ya raɗa suna, shi zai yi. Ya danna. Saba ta sauko layi na gaba tana jiran umarni, kamar ba a taɓa yin wani Hasan ba.

Aka shigar da Gambo. Usaini ya shiga karanta masa duk abin da ya sani, tun daga farko, yini guda ana jin su suna "kirit-kirit" ba hutawa. Da aka gama, allo ya rubuta COMPLETE, ƙafa biyu sun dawo. Malam Isyaku ya kuma koya wa saba cewa daga yau duk wanda ta tarar a raye cikin biyun, da shi za ta tashi.

Marigayi ya rasu ya bar ɗan'uwansa Usaini, wanda ke cikin ƙoshin lafiya gwargwadon shekarunsa, da ƙaninsa Gambo, wanda ya fi shi ciki amma bai kai shi natsuwa ba. Ya bar fanka biyu, ɗaya an taɓa zarginta bisa kuskure, iyalai suna neman afuwarta. Ya bar wayar wuta da wayar bayanai, duk sun koma hidimar Gambo ba tare da sun yi takaba ba. Ya bar tsohon batiri, wanda aka sallama daga aiki bayan abin da ya faru. Ya bar zabi masu yawa a jikin atamfa, daga Kantin Kwari har Maraɗi da Damagaram, waɗanda mata za su ɗaura ranar Sallah ba tare da sun taɓa jin sunansa ba.

An raba gado ba tare da rigima ba. Maganaɗisun da ke cikinsa ya tafi wurin Malam Alhassan, zai riƙa tsamo noti da shi in ya faɗa cikin baƙin mai. Ƙananan sukurorinsa suna cikin gwangwanin Malam Isyaku. Malama Rakiya ta nemi a ba ta farantin cikinsa mai ƙyalli ta riƙa duba ɗaurin ɗankwali, amma Alhaji ya hana. Malam Isyaku ya yi bayani cewa abin da ke kan farantin a kulle yake, ko wa ya samu ba zai karanta ba.

"Na yarda da kwaɗonka, Isyaku," in ji Alhaji. "Amma na fi yarda da guduma."

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar la'asar, a bayan ɗakin janareta, gindin darbejiya. Malam Alhassan ne zai riƙe guduma, domin Malam Isyaku ya nemi a ɗauke masa wannan, ya ce zai tsaya daga nesa ya riƙe hankici. Za a binne abin da ya saura a nan take. Talatu za ta kawo kunun zaƙi da ƙosai sadaka, kowa ya zo da kofinsa. Waɗanda ke aikin yamma an ba su izinin fitowa kaɗan-kaɗan, kada a bar inji shi kaɗai.

Za a karɓi gaisuwa a ɗakin saba daga safiyar Litinin. Ana roƙon jama'a su cire takalma a ƙofa, su shiga bibbiyu, su taƙaita, kuma wanda ya riga ya yi ta'aziyya kada zafin rana ya sa ya dawo ya maimaita. Abu na ƙarshe da iyalai ke roƙo shi ne kada kowa ya ambaci sunan marigayi a gaban Usaini. An riga an sa shi ya manta. Malam Isyaku ne dai umarnin bai kama ba.